Da Madubi a Amalanke zuwa Ƙauyen su Rabi'u

Tun da muka dawo daga ƙauyen su Rabi'u ban huta da tambaya ba. A ofis a tare ni, a gidan suna a tare ni, har maƙwabciyata da ba ta taɓa tambayata me nake koyarwa ba ta leƙo ta katanga tana son jin ko gaskiya ne na hau amalanke da kayan gwamnati. Gaskiya ne. Na gaji da maimaitawa guntu-guntu, shi ya sa na zauna na rubuta yadda aka yi tun daga farko.

Darasi biyu nake koyarwa a jami'a: ilimin ƙwayoyin cuta, da ilimin garkuwar jiki, wato yadda jiki yake kare kansa daga gare su. Kowa ya san yadda shekarun nan suke. Mu dawo daga yajin aiki, kafin mu yi nisa a sake rufe makaranta. Ɗakin gwaje-gwajenmu ba wuta, janareta ba mai, kwalaben sinadarai duk sun zama fanko. Sai ya zama ɗalibaina 'yan shekarar ƙarshe suna zana ƙwayar cuta a littafi kamar yadda na zana a allo, alhali ba wanda ya taɓa ganinta da rai. Ni kuwa ban yarda ɗalibi ya san abu ba sai ya gan shi da idonsa, ya kuma iya bayyana shi da Hausa ga wanda bai taɓa shiga aji ba. Wata rana na tambayi Ummi, wadda ta fi kowa maki a ajin, ta kawo min bayani da Turanci tiryan-tiryan. Na ce, "Kin taɓa gani?" Ta ce, "A hoto, Malama." Wata huɗu ya rage a ba ta takardar da za ta kama aiki a asibiti da ita.

A makon ne Rabi'u, wani ɗalibina mai shiru-shiru da ke zama a bayan aji, ya zo neman izinin zuwa gida. Ya ce yara na ta gudawa a garinsu, gabas da Ɗanbatta, har an binne ɗan maƙwabcinsu, ga 'yar ƙanensa ita ma ta kwanta. Na tambaye shi ko an gwada ruwan da suke sha. Ya dube ni kamar na tambaye shi ko suna da filin jirgi.

Na je wurin shugaban sashenmu na ce ina son in kai ɗalibai can. Ya ce, "Malama, ba mota, ba mai, kuma in wani abu ya sami ɗan mutane ke za a tambaya." Na ce na sani, kowa zai kawo izinin gida a rubuce. Ya daɗe yana juya biro kafin ya sa hannu. Daga sito na zaƙulo wani tsohon madubin ganin ƙwayoyin cuta, irin wanda ba ya buƙatar lantarki, da hasken rana yake aiki. Sauran garin abincin ƙwayoyin cuta da ya rage a gindin gwangwani na kai gida, na dafa a tukunyar da nake dafa ganda, mai murfi mai kullewa, na zuba a ƙananan farantan gwaji ashirin da huɗu. Ya daskare ja-ja kamar alewa. Na jera su a kula.

Ɗalibai takwas suka samu izini, uku mata, har da Ummi. Muka ɗauki shatar wata tsohuwar bas ta Malam Ɗanlami, dattijo mai yawan istigfari idan mota ta faɗa rami. Mun yi alkawarin tashi da hantsi, amma sai da ya yi rabin yini a layin mai, ba mu wuce Dawanau ba sai bayan azahar.

Ba mu ƙetare iyakar ƙasa ba, amma mun samu abin da ya yi kama da ita. A wani shinge kafin Ɗanbatta jami'in tsaro ya sa aka sauke kaya. Ya buɗe kular, ya ga jajayen farantai a jere.

Ya ce, "Hajiya, wannan fa? Alewa ce?"

Na ce, "A'a, ranka ya daɗe, abincin ƙwayoyin cuta ne."

Da na san zai ja da baya haka da ban faɗa ta wannan hanya ba. Ya ce motar ba inda za ta je. Na nuna takardar makaranta, ya ce takarda daban, cuta a kula daban. Na ga magana ba za ta fisshe mu ba, sai na ce wa Rabi'u ya fito da madubin. Muka ɗora shi a kan benci a bakin titi, muka ɓare albasa daga cikin kayan miyarmu, Rabi'u ya shimfiɗa 'yar fatarta a kan gilashi, ya juya madubin ya kamo rana. Jami'in ya rufe ido ɗaya ya leƙa. Ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago sai ya kira abokin aikinsa ya ce, "Zo ka ga ɗakuna a cikin albasa." Ɗalibaina ma suka yi layi a bayansu, don rabinsu ba su taɓa gani ba. Darasinmu na farko ke nan. Da za mu tafi ya tambaya ko za mu duba masa jini, zazzaɓi na damunsa. Na ce ba mu da kayan wannan, ya je asibiti kada ya sha magani da ka.

Daga Ɗanbatta muka sauka daga kwalta. Ni 'yar birni ce, a Fagge aka haife ni, kuma a zatona ƙauye daji ne da 'yan gidaje a tsakiya. Ashe a can ba dajin. Gero da dawa da gyaɗa sun kama daga bakin hanya har jikin katangar gidaje, ka fita daga wannan gari ka shiga gonar wancan, ba taƙin ƙasa ɗaya da aka bari banza. An yi ruwa da safe. Muna cikin tafiya bas ta nutse a taɓo har gindinta, Malam Ɗanlami ya fito ya zagaya ta sau biyu ya ce nan ya tsaya. Maza suka tura, ba abin da suka samu sai taɓo har gwiwa. Wani manomi da ke dawowa da amalanken shanu ya gane Rabi'u, ya kwashi kayanmu. Na hau na rungume akwatin madubin a cinya, kular tana gefena. Da muka zo wani kwazazzabo amalanken ya karkata, kular ta kife. Farantai bakwai suka buɗe suka ɓaci. Na zauna a ƙasa ina ƙirga sauran, Ummi tana tambayata ko na ji ciwo, ni ko jinta ba na yi. Sha bakwai suka tsira. Na ce sun isa.

Mun shiga gari gab da magariba. Maza aka sauke su a zauren mai unguwa, mu mata aka kai mu cikin gidan su Rabi'u, wurin mahaifiyarsa Inna Gaje, wata gajeriyar tsohuwa mai ƙarfin murya wadda sana'arta daddawa. Abin da na fara lura da shi, ba ta kallon Rabi'u, ba ta kuma kiran sunansa, don shi ne ɗanta na fari. "Wancan" take ce masa. Ta ce, "Wancan ya ce ke ce malamarsu. Yana dai ji ko?" A gidanmu mahaifiyata har rungume yayanmu take yi a gaban mutane. Na ce yana ji ƙwarai, sai ta kau da kai kamar ba ta damu ba, amma na ga bakinta ya motsa.

Gaisuwa ma ta ba mu aiki. Mu a birni kalma uku mun gama. A can sai an tambayi gajiya, da gida, da damina, da mutanen Kano ɗaya bayan ɗaya, a yi shiru, a sake ɗaukowa daga farko. Ana cikin haka Inna ta ɗebo ruwa a randar da ke gindin bishiyar tsakar gida, mai sanyi kamar daga firji. Na san bai kamata mu sha ba, ga ruwan leda a jakarmu. Amma tsohuwa ta durƙusa ta miƙo da hannu biyu. Na kurɓa kaɗan. Ummi da ƙishirwa ta dame ta ta shanye moɗa guda.

Lokacin tsakiyar damina ne, rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai iso ba. Duk da haka tuwon dawa da miyar kuka aka kawo mana, daddawa ta ji a ciki har ƙamshinta na tashi, kuma ba wanda ya zauna ci tare da mu. Daga baya na gane sai da muka ƙoshi sannan mutanen gidan suka ci abin da ya rage. Washegari na miƙa wa Inna shinkafa da man da muka zo da su, na ce ba mu iya dafawa a murhu ba, ta taimaka ta haɗa da na gida. Ta gane, ta karɓa.

A ɗakinta na ga Ladidi, jikarta, 'yar ƙanen Rabi'u da ya ce ta kwanta, wadda aka kawo mata yaye wata guda da ya wuce, kamar yadda ake yi a can, a raba yaro da uwa a kai shi wurin kaka. Idanunta sun faɗa, fatar cikinta in ka ja ba ta saurin komawa. Muka tafasa ruwa, na sa ɗalibai mata suka haɗa ruwan gishiri da sukari da hannunsu, ana ba ta cokali-cokali. Na gaya wa Rabi'u in ba ta fara fitsari ba zuwa safiya, a babur za a kai ta asibitin Ɗanbatta, ko da me ake ciki. Allah ya taimaka da safe ta jiƙa zanen kakarta.

Da hantsi mai unguwa ya yi mana bayani a ƙofar gida. Rijiya biyu gare su. Ɗaya tana kusa da kududdufi, ita suke zargi, har sun hana ɗiba, ana tafiya mai nisa zuwa ɗayar a bayan gari. Amma yara ba su daina kwanciya ba. Na raba aiki. Maza suka tafi rijiyoyin, da gugar da ake ɗiba da ita. Mata kuma muka shiga gida-gida, inda namiji baƙo ba ya shiga, muna ɗibar ruwan randa, muna tambayar wane ne ba shi da lafiya. Ɗaya daga cikin maza ya ce ɓarnar faranti ne a gwada randa, tunda daga rijiya ruwan ya fito. Na ce, "Ka gani ne, ko kana tsammani?" Ummi ba ta fita da mu ba, tun asuba take zarya bayan gida. Inna ta dube ta ta ce, "Canjin ruwa ne, 'yar nan. Duk baƙo sai ya yi."

Da muka shafa ruwan a farantai muka liƙe su, sai matsalar da na kwana da ita ta taso. Ƙwayoyin suna son ɗumi irin na jikin mutum kafin su yaɗu, a makaranta akwai akwatin lantarki na wannan aiki, a nan kuwa ga sanyin damina. Ina cikin yi wa ɗalibai bayani Inna ta tsoma baki.

Ta ce, "Ɗumi kuke nema wanda ba wuta ba? Ku zo."

Ta kai mu wani ɗan ɗaki inda take rufe dafaffiyar kalwa da ganye da buhu har ta zama daddawa. Na tura hannu gefen tarin kalwar na ji ɗumi, na sa ma'aunin zafi, ya nuna kusan abin da muke so. Na tambaye ta me ke kawo ɗumin, ba wuta ba rana. Ta ce ita dai haka ta tarar, kalwa in an rufe ta sai ta yi zazzaɓi. Na tara ɗalibai a ƙofar ɗakin na ce su gaya min me ke faruwa a cikin buhun nan. Sai da suka yi ta kame-kame kafin ɗaya ta ce, "Malama, su ne. Su ne suke cin kalwar." Shekara uku suna karanta wannan a littafi, ba su taɓa haɗa shi da miyar gidansu ba.

Kwana ɗaya muka ba farantan. Washegari bayan azahar muka fito da su muka jera a kan tabarma. Na rijiyar bayan gari ɗigo biyu-uku ne kawai. Na rijiyar kududdufi ya fi haka, amma ba da yawa ba. Na randuna kuwa sun cika da jajayen ɗigo har sun haɗe, irin waɗanda ke nuna ƙazantar bayan gida ta shiga ruwa. Wanda ya fi kowanne cika shi ne mai lamba huɗu. Rabi'u ya duba littafin da muka rubuta lambobi, ya rufe shi a hankali. Randar mahaifiyarsa ce.

Ba mu da kayan da za mu tabbatar da sunan ƙwayar, na kuma gaya wa ɗalibai kada wanda ya faɗi abin da farantin bai faɗa ba. Amma hanyar a fili take. Ruwa na zuwa da dama-dama, a gida yake lalacewa: moɗa ɗaya, a ajiye ta a ƙasa, yaro ya ɗauka, wadda ta gama wanke wa yaro gindi ta ɗauka, hannu ya nutse har wuyansa a cikin randa.

Rabi'u ya ce, "Malama, ke ki gaya mata. Ni ba zan iya ba."

Na ce ba zan tilasta shi ba, na san abin da ke tsakaninsu. Amma ni ma ba ni zan faɗa ba. Na dubi Ummi, wadda ta ɗan samu ƙarfi tana jingine da bango. Ta ce Hausarta ba za ta kai ba. Na ce ta kai ta sha ruwan matar, za ta kai ta yi mata bayani.

Muka ɗebo ɗigo ɗaya daga farantin, muka narka a ruwa mai tsabta a kan gilashi, muka kamo rana. Ɗalibai suka leƙa ɗaya bayan ɗaya. Sannan aka kira Inna. Ta goge hannu a zane ta sunkuya. Ta ce ba ta ganin komai sai gashin idonta. Ummi ta gyara mata. Can sai ta ce, "Ga wasu abubuwa nan suna ninƙaya." Ta ɗago ta duba ƙarƙashin madubin ko an ɓoye wani abu, ta sake leƙawa.

Ummi ta durƙusa ta fara, Turanci na kutsowa tana korarsa. Ta ce, "Inna, waɗannan daga ruwan randarki suka fito."

Fuskar tsohuwar ta canza. Ta ce, "Randata? Kullum sai na wanke ta. Shekara nawa ina shan ruwan nan, da ni da 'ya'yana, wa ya mutu? Ku ce dai kun zo ku ce ni na sa wa jikata ciwo."

Matan maƙwabta da suka taru suka sunkuyar da kai. Na ji kamar in karɓi maganar, na danne. Har na fara tsammanin Ummi ta sare, sai ta ce, "Inna, jiya da cikina ya ɓaci, me kika ce?"

"Na ce canjin ruwa ne."

"To me ya sa ni ya kama ni, ke bai kama ki ba, ga shi randa ɗaya muka sha?"

"Ke baƙuwa ce. Cikinki bai san ruwanmu ba."

Ummi ta ce, "Haka ne, kuma abin da muke karantawa ke nan. Jikinki ya sha haɗuwa da su tun kina yarinya, ya gane su, in sun shigo yana kashe su. Nawa bai san su ba. Yaro kuma muddin yana shan nono, uwarsa na ba shi irin wannan kariyar a cikin nonon. Ranar da aka cire shi..."

Ba ta ƙarasa ba. Inna ta juya ta dubi ƙofar ɗakin da Ladidi ke kwance. Sannan ta ce a hankali, "Ashe ita ma baƙuwa ce."

Wata mata daga baya ta ce nata ɗan ma bayan yaye ya fara. Wata ta ce yaron nan da aka binne, ɗan maƙwabcin su Rabi'u, kwanansa ashirin da yaye. Abin da muka rubuta a littafi gida-gida ke nan, amma ba mu muka faɗa ba.

Inna ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ba kowa haƙuri ba. Ta tashi ta kwarar da ruwan randar a gindin bishiya, ta ce, "To, sai ku faɗi yadda za a yi, ban da a ce in sayi abin da ba ni da shi." Muka zauna da matan har la'asar. Itace ya yi tsada a tafasa ruwan gida duka, sai aka tsaya a kan a tafasa na yaran da aka yaye, a zuba a tulu mai ƙaramin baki wanda hannu ba ya shiga. Randa a rufe ta da faifai, a ɗaura wa moɗa dogon mariƙi a rataye ta, a wanke hannu da toka in ba sabulu. Maza suka kai wa mai unguwa farantan a liƙe, Rabi'u ya yi bayani a gaban dattawan da suka yi masa kaciya, bai tsaya ba har ya gama. Ba duka suka yarda ba. Wani tsoho ya ce shi dai rijiyar yake zargi har gobe. Muka ce ita ma a gyara mata baki, ba mu wanke ta ba. Da aka gama muka tafasa farantan muka binne su a rami mai zurfi.

Da safen da za mu tafi Ladidi na zaune tana shan kunu. Malam Ɗanlami ya aiko cewa an ciro motar da shanu, tana jiranmu a kan tudu. Inna ta ƙulle mana daddawa a ganye, kowa da tasa. Ina ɗaure akwatin madubin ta zo ta tsaya a kaina.

Ta ce, "Malama, matan unguwar gabas sun ce ƙarya nake, wai ba abin da ke ninƙaya a ruwa. Su ma suna da 'yan yaye. Yaushe za ki dawo da abin nan?"

Na tuna ba sauran garin da zan dafa, ba mota, ga jarrabawa saura mako shida, ga ɗalibai talatin da ban zo da su ba waɗanda har yanzu a hoto suka sani. Na ce, "Bayan mako biyu, Inna, in Allah ya yarda. Da wasu ɗaliban zan zo."

Ta ce, "Allah ya kai mu. Ki zo da masu jin magana."

A mota, kafin mu kai kwalta, na riga na fara rubuta sunayen asibitoci da tsofaffin ɗalibaina da zan bi in roƙi ko da rabin gwangwani ne.